Kujerar Aro

Alhaji Karimou bai taɓa buɗe baki ya ce ba ya son Maharazu ba. Da ma hakan ya ce, da Lubabatu ta san irin kukan da za ta yi. Tambaya ɗaya tak yake maimaita mata tun ranar da ta kai masa maganar aurensu, kuma tambayar nan ta hana ta sakat har damina ta sake zagayowa.

"A ina ake samunsa?"

Yau ma ita ce. Lubabatu na durƙushe a gefen tabarmarsa bayan la'asar, ruwan da aka wuni ana yi yana ɗiga daga bakin kwano, tsakar gidan duk ta yi caɓal.

"Baba, malamin jami'a ne fa," ta ce a hankali.

"Na ji wannan tun bara. Ni ban tambaye ki karatunsa ba, ban tambaye ki abin hannunsa ba. Kakana da ya sauka Zongon Kwatanon nan, da kwandon goro ya zo, amma akwai gindin bishiyar da kowa ya san nan ake samunsa. Ni ina tashar mota, ko makaho ya san bencina. Shamsudeen da ke nemanki yana kasuwar Missèbo, rumfarsa ba ta tafiya ko'ina. Wannan naki fa? In ciwo ya kama ki, ina za a aika? In na faɗi na mutu, ina za a je a gaya masa?"

"Yana da waya, Baba."

"Waya ba wuri ba ce."

Ta sunkuyar da kai.

Maharazu daga Zariya ya zo Kwatano, lokacin da ɗalibai ke kwararowa daga Nijeriya suna cika jami'o'in kuɗi. A lokacin yana da ofishinsa, har da sunansa a jikin ƙofa. Da ɗaliban suka ja baya, sai masu makarantun suka sallami malaman dindindin, suka dawo da su a matsayin malaman awa: ka koyar a lissafa maka, ka yi ciwo ka rasa, a yi hutu ka sha iska. Da safe yana wata jami'a a unguwar Vêdoko, da rana yana wata makarantar a bakin gari, da yamma yana wata. Tsakaninsu yana bayan zem, ɗan acaɓan Kwatano mai rawayar riga, rungume da jakarsa. Tattalin arziki yake koyarwa, bawan Allah, a kan bencin mai shayi kuma yake gyara takardun jarrabawa.

Shi kuwa Shamsudeen mai atamfa ba shi da wani aibu. Mutum ne mai kunya da kyauta, duk Juma'a sai ya aiko wa mahaifiyarta Inna Mamata da wani abu. Aibunsa ɗaya, Lubabatu ba ta son sa, kuma wannan ba aibu ba ne a idon kowa a gidan sai ita.

Alhaji ya gyara zama.

"Ke ba yarinya ba ce, ba zan yi miki dole ba. Amma ba zan ɗauki 'yata in ba wa wanda ba shi da mazauni ba. Na gaya wa kawunki Tidjani ya je ganin wuri. In ya same shi zaune a inda yake nasa, shi ke nan, su turo. In bai same shi ba, kada ki sake kawo mini maganarsa. Mutanen Shamsudeen ma sun gaji da jira."

"Yaushe Kawu zai je?"

Alhaji ya dube ta kamar ta tambayi abin da bai kamata ba.

"Ana sanarwa ne in za a je ganin wuri?"

*

Laburaren jami'ar da ke Vêdoko yana hawa na biyu, ƙarshen baranda. Lubabatu ce mai kula da shi. Wannan aikin ta karanta, kuma sai da mahaifinta ya toshe kunne daga surutun 'yan Zongo kafin ta karanta shi.

Da can su uku ne a ɗakin. Aka sallami ɗaya, ɗayar ta gaji da jiran albashi ta koma sayar da turare. Yanzu ita ce mai rajista, ita ce mai shara, ita ce mai goge fumfunar da damshin damina ke shimfiɗa wa littattafai. Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tuntuni. Rabon da a sayo sabon littafi har ta manta. Duk da haka, in ta murɗa makulli da safe ta shaƙi warin tsohuwar takarda, sai ta ji ranta ya zauna. Nan ne kaɗai wurin da ba a ce mata 'yar Alhaji Karimou, Madam Luba ake ce mata.

A nan Maharazu ya same ta washegari, ƙafar wandonsa jiƙe har gwiwa. Unguwarsu ta Ladji ta sake cika da ruwa.

Ta kwashe duk yadda suka yi da mahaifinta ta gaya masa. Ya saurara, ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo.

"Baba bai yi ƙarya ba, Luba. Ni kaina in na tashi da safe sai na tsaya na tuna inda ake jirana."

"To ga wuri," ta ce, ta nuna teburinta.

Ya dubi teburin, ya dube ta.

"Ban gane ba."

"Ka gane mana. Kawu bai taɓa taka ƙafarsa a nan ba. Abin da ya sani kawai ina aiki a lakwal ɗin nan, wato jami'ar. In ya zo ya gan ka a kan kujerar nan, ni ina tsaye ina jera littattafai, me zai ce? Zai ce buronka ne, ofishinka, ni ina ƙarƙashinka."

"Ƙarya kike so mu yi wa iyayenki?"

"Ba za mu ce komai ba. Zama kawai za ka yi."

"Zaman ma magana ce."

Nan idanunta suka kawo ruwa. Ta daɗe tana riƙe da su, yau suka ƙi riƙuwa.

"Malam, na gaji. Wallahi na gaji. Na gaji da gaisuwar Shamsudeen, na gaji da kallon da Inna ke yi mini in an kawo katin bikin ƙannena. Na gaji da jiran ranar da za a mayar maka da ofishinka, ni da kai mun san ba za a mayar ba. Ban roƙe ka gida ba, ban roƙe ka mota ba. Kujera ce na ce ka zauna. Ita ma ta gagara?"

Mutum ne da bai iya ganin hawayenta ba, kuma ta san da haka.

"In abin ya tonu fa?"

"In ya tonu an riga an ɗaura."

Ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya zagaya ya zauna. Nan take ya zabura.

Ta yi dariya cikin hawaye, ta miƙo masa wani ɗan matashi na ragowar atamfa da ta ɗinka da hannunta.

"Akwai ƙusa a gefen hagu. Na yi ta kai ƙara a gyara har na haƙura."

Ta kwashe kofinta da silifas ɗinta da man shafawarta ta tura bayan kantar littattafai. Shi ke nan, Madam Luba ta koma mai jera littattafai a ɗakinta.

*

Abin da lissafinta bai kawo ba shi ne halin Kawu Tidjani. Tsohon dillali ne, ya aurar da 'ya'yan dangi ba adadi, kuma ya san ana aron rumfa saboda baƙo. Don haka shi ba ya ganin wuri sau ɗaya.

Ya zo ranar Talata da hantsi, ya sami Maharazu zaune. Suka gaisa, Lubabatu ta kawo ruwa ta koma gefe. Kawu ya ƙare wa ɗakin kallo, ya shafa teburin, ya gyaɗa kai, ya tafi.

Suka yi ajiyar zuciya, suka ce an gama.

Ranar Alhamis da azahar sai ga shi kuma, wai hanya ce ta biyo da shi. Allah ya taimaka Maharazu ya fito daga aji kenan. Mako na zagayowa ya sake ɓullowa, wannan karon ana tsuga ruwa, da lemarsa.

Daga nan zama ya kama Maharazu. Ya daina zuwa makarantar bakin gari don kada Kawu ya zo ya tarar da kujera ba kowa. Su kuwa can ba su ko kira shi sun ji lafiya ba, suka ba wani awanninsa. Ya shanye, bai gaya mata ba sai da ta gane da kanta. Ɗalibai suka saba, suka fara miƙa masa littafi in za su ara. Ita kuwa tana tsaye wuni guda, ƙafafunta har kumbura suke, tana raɗa masa inda kowane abu yake.

A zuwansa na ƙarshe Kawu ya zo da fara'a, har da goro a aljihu. Ya ba Maharazu hannu ya daɗe bai saki ba.

"Malam, na gamsu. Mutum in ya riƙe wurinsa, zai riƙe iyali."

Ya juya wajen Lubabatu.

"Ke, ina mai lakwal ɗin yake zama? Ba a shiga gidan mutum a fita ba a gai da mai gida ba."

Ta yi wuf ta tari numfashinsa.

"Kawu, Mushe Hakim ba ya son a dame shi. Ba ya ma nan, ina jin."

"Ga motarsa can a ƙasa, mai gadi ya nuna mini. Gaisuwa ce kawai da godiya."

"Godiyar me, Kawu?"

"Ah ah! Mutum ya ba surukinmu wuri irin wannan, ba za a gode masa ba?"

Ya saɓa babbar rigarsa ya nufi matakala. Maharazu ya miƙe, ya koma ya zauna, ya rasa wanda zai yi.

*

Mushe Hakim, mai jami'ar, bai tona musu asiri ba. Da ma ya tona.

Ya karɓi goron Kawu, ya saurari godiya da yabo, ya ji yadda duk zuwan da aka yi ana samun malamin zaune a laburare. Ya yi murmushi ya ce ai Malam Maharazu mutumin kirki ne. Har bakin ƙofa ya raka tsohon.

Washegari da safe ya aika a kira Lubabatu.

Ofishinsa ne kaɗai inda na'urar sanyi ke aiki a ginin. Bai ce ta zauna ba.

"Madam Luba, ashe kin samo mana mafita ba ki faɗa ba."

"Mushe, don Allah ka bari in yi bayani. Maganar aure ce..."

"Na sani, ina taya ku murna. Ni ba faɗa zan yi ba." Ya juya alƙalami a hannunsa. "Kin san halin da ake ciki, ɗalibai sun ragu. Na daɗe ina tunanin rufe ɗakin nan, sai dai masu duba makarantu ba za su yarda a ce jami'a ba ta da laburare ba. Yanzu na ga ashe malami zai iya koyarwa, in ya fito ya zauna a can. Aiki biyu, mutum ɗaya. Zan ba shi kontira, takardar aiki ta shekara, da sunansa a ƙofa."

"Ni kuma fa?"

"Ke ai aure za ki yi."

Ta tsaya tana kallonsa. Shekarun da ta yi tana goge fumfuna, da ranakun da ta zo aiki albashi bai fito ba, da ɗaliban da ta zauna da su suna kuka a kan kundin kammala karatu, duk suka faɗo mata a rai.

"Mushe, aikin nan karanta shi ake yi. Ba zama ba ne kawai."

"Sai ki koya masa, ai gida ɗaya za ku kwana. Ƙarshen wata ki miƙa masa lakile, makullin ɗakin."

Ya jawo wayarsa, alamar magana ta ƙare.

Ba ta koma laburaren ba. Ta sauka ta tari zem, makullin na cikin tafin hannunta, ta damƙe shi har ya yi mata shaida.

Tun daga bakin layinsu ta jiyo guɗa. Ta shiga ta tarar da tsakar gida cike da mata, an ɗora tukunya, ƙannenta na tsalle. Inna Mamata ta taso ta rungume ta.

"Babanki ya amince! Kawunki ya ce buron yaron ya fi ɗakin nan girma, littattafai har rufi. Ya ce su turo ranar Juma'a."

"Inna, an sallame ni daga aiki."

Inna ta ɗan yi turus, sannan ta kaɗa hannu.

"To sai me? Da ma wane aiki, kullum ki dawo da tari da ƙura a gyale? Allah ne ya hutar da ke. Miji ya samu, ai magana ta ƙare."

Aka sake rangaɗa guɗa. Lubabatu ta yi murmushi saboda ana kallonta, ta shige ɗaki ta zauna a bakin gado da gyalenta a ka. Abin da ta yi shekara tana roƙon Allah ne ya samu, kuma ta rasa dalilin da ya sa ƙirjinta ya yi nauyi haka. Ƙarya ce, ta san dalilin.

*

Bayan la'asar aka ce ana sallama da ita a zaure.

Maharazu ne, ko jakarsa bai ɗauko ba. Idanunsa sun yi ja.

"Ya kira ni bayan fitarki," ya ce. "Ban karɓa ba, Luba. Na ce ya ba ni lokaci. Gobe zan je in ce masa ba na so."

Ta zauna a kan dakalin zauren, ta jingina da bango.

"In ka ce ba ka so, sai ya mayar da ni?"

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Malaman awa nawa ne ke zaune a barandar nan suna jiran a kira su? Kafin ka sauko daga bene ya ba wani. Ni dai an riga an cire ni, Malam. Ko kai ko wani."

"To zan shiga in gaya wa Baba gaskiya. Ba zan fara zama da ke a kan ƙarya ba."

"Wace ƙaryar? Jiya ne take ƙarya. Yau buronka ne, da sunanka a ƙofa."

"Kada ki yi mini haka." Muryarsa ta karye. "Kin san yadda na ji ranar da aka cire sunana daga ƙofa? Na tsaya ina kallon ramukan ƙusoshin kamar wawa. Yanzu ni za a ce in yi miki irinsa? In riƙa tashi da safe ina tafiya wurinki, ke kina gida kina wanke mini kwano? Da wane ido zan dube ki in na dawo?"

Hawayenta suka zubo, ba ta share ba.

"Da idon da na dube ka da shi ranar da ka bar awanninka na bakin gari saboda ni. Ka ɗauka ban san abin da ka rasa ba? Ni na ce ka zauna. Ka ce zaman ma magana ce, ban ji ba."

"Sai mu haƙura da auren zuwa wani lokaci. In nemi wani wurin."

"Wane wurin? A ina?" Ta girgiza kai. "Ba ni da sauran ƙarfin jira. In ka ƙi kujerar nan, na rasa aikin, na rasa ka. In ka karɓa, ɗaya na rasa. Ina son aikina, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Ina son sa kamar raina, kuma zan daɗe ina jin zafin abin nan. Wataƙila wata rana in huce a kanka, ka yi haƙuri da ni in na yi. Amma kada ka bar ni da hannu biyu babu komai."

Ya durƙusa a gabanta, ya rufe fuskarsa da tafukansa. Daga cikin gida ana jiyo dariyar mata da ƙarar taɓarya.

Ta buɗe hannunta. Ba ta jira ƙarshen wata ba, ta ajiye makullin a kan dakali kusa da shi.

"In hadari ya haɗo, tagar gabas za ka fara rufewa, ita ke jiƙa kantar littattafan shari'a. Kada ka jingina littattafai da bango, bangon yana tsatsafo da ruwa. Akwai wata yarinya mai zuwa ranar Laraba, ba karatu ke kawo ta ba, gidansu ne ba zaman lafiya. Ka ƙyale ta ta zauna."

"Luba..."

"Matashin kuma ka bar shi a kan kujerar. Ƙusar tana nan."

Ya daɗe yana kallon makullin kafin ya ɗauka.

Sai ga takun Alhaji Karimou ya fito za shi masallaci. Ya ga Maharazu, fuskarsa ta washe irin yadda ba ta taɓa washe masa ba.

"A'a, Malam Maharazu! Gobe in na tashi daga tasha zan biyo in gan ka a buronka."

"Allah ya kai mu, Baba," Maharazu ya ce, kansa a ƙasa.

Alhaji ya wuce yana gyara hularsa.

Maharazu ya ɗago ya dube ta.

"Ke fa, Luba? A ina za a riƙa samunki?"



Daga tsakar gida Inna ta ƙwala mata kira, wai ta zo ta karɓi taɓarya, hannun kowa ya gaji.

Lubabatu ta share fuskarta da bakin gyale, ta miƙe a hankali.

"Na'am, Inna," ta ce. "Ga ni nan."